Me Ya Sa Tsohon Jambo Ya Ƙi Yin Ritaya?

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, aka fara kiran maniyyata zuwa sansanin alhazai, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da Shagamu, har zuwa Anacha da Fatakwal. Gardamar kuwa a kan jirgin da zai ɗauki iyaye da 'yan'uwa zuwa Ƙasa Mai Tsarki ake yin ta. Wani ya ce tsohon jirgi ne wanda Turawa suka gama cin moriyarsa suka yar, aka kwaso wa talaka. Wani ya ce a'a, ai babu jirgin da ya kai mai ƙusumbin nan aminci, tun da yake injinsa huɗu ne, in ɗaya ya mutu da sauran uku. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, amma dukkansu sun saki babbar igiyar. Tun da magana ce da ta shafi rayuka da dukiya, ya kamata a zauna a warware ta daki-daki, domin mai biyan kuɗin kujera ya san abin da zai tambaya, ya kuma san wanda zai tambaya.

ASALIN MAI ƘUSUMBI

Jirgin da ake wa laƙabi da jambo shi ne Boeing 747. A shekarar 1966 ne Juan Trippe, shugaban kamfanin Pan Am na Amurka, ya ba da kwangilar ƙera guda 25, alhali kuwa a lokacin jirgin bai wuce zane a takarda ba. Wani injiniya mai suna Joe Sutter ne ya jagoranci aikin, kuma saboda girman jirgin sai da aka gina masa sabuwar masana'anta a garin Everett. Ya fara tashi ran 9 ga Fabrairu, 1969, sa'an nan ya fara ɗaukar fasinja daga New York zuwa Landan a watan Janairu, 1970.

Ƙusumbin nan da ke bisa kansa ba don ado aka yi shi ba. Masu ƙera shi sun yi tsammanin ba da daɗewa ba jirage masu gudu fiye da sauti za su ƙwace fasinjoji, shi kuwa a mai da shi na dakon kaya. Saboda haka suka ɗaga ɗakin matuƙa sama, domin hancin jirgin ya iya buɗewa a tura kaya ta gaba. Hasashen nasu na farko bai tabbata ba, amma dabarar ta amfani jirgin har ƙarshen rayuwarsa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da jambo ya yi wa duniya shi ne karya farashin tafiya. Ya ɗauki ninki biyu na mutanen da Boeing 707 yake ɗauka, don haka kuɗin da ake kashewa a kan kowace kujera ya sauko, tafiya ƙetare ta daina zama ta sarakuna da manyan attajirai kaɗai. Samfurin 747-400 da ya fito a 1989 ya rage matuƙa daga uku zuwa biyu, kuma shi ne wanda British Airways ya daɗe yana kawowa Ikko daga Landan. A nan gida, kamfanin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, daga baya kuma Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, sun yi jigilar alhazai shekara da shekaru da irin wannan jirgi. An ƙera guda 1,574 gaba ɗaya, na ƙarshe kuwa aka miƙa shi ga kamfanin dakon kaya na Atlas Air a ƙarshen Janairu, 2023. Daga ranar nan babu sauran sabon jambo.

ABIN DA YA KARYA KASUWARSA

Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ne suka taru suka ka da jambo, watau doka da mai.

A da, dokar Amurka ta hana jirgi mai inji biyu yin nisa fiye da tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. Wannan ya sa ƙetare babban teku ya zama aikin masu inji uku ko huɗu. Amma da injuna suka ƙara inganci, har ya zama da wuya a ji ɗaya ya mutu a sama, sai aka sassauta dokar zuwa minti 120 a 1985, daga baya zuwa 180. Da Boeing 777 ya fito a 1995, da izninsa na minti 180 ya fara aiki. Samfurinsa mai dogon zango, 777-300ER, wanda ya shiga aiki a 2004, yana ɗaukar mutane kusan yawan na jambo, da inji biyu kacal. Duk mai mota ya san bambancin ciyar da inji biyu da ciyar da huɗu, a wajen mai da wajen gyara.

Shi kuwa 747-400 tankinsa yana cin fiye da lita 200,000, watau ya fi tanka shida irin masu ɗaukar lita 33,000 da ake gani a hanyar Apapa, kuma a kowace awa yana shan kimanin tan 10. Sa'ad da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yuli, 2008, manyan kamfanoni suka fara lissafin rabuwa da shi. Air France ya sallame shi a 2016, United da Delta na Amurka suka bi baya a 2017. Da annobar korona ta rufe sararin sama a 2020, British Airways ya ajiye guda 31 a lokaci ɗaya, KLM da Qantas da Virgin Atlantic su ma suka yi sallama da nasu.

Abokin hamayyarsa na Turai ma bai tsira ba. Airbus A380, mai hawa biyu daga kai har wutsiya, ya fara aiki da Singapore Airlines a 2007, amma guda 251 kawai aka sayar, 123 daga ciki Emirates na Dubai ne ya saya, aka kuma daina ƙera shi a 2021. Wasu daga cikin na farko an wargaza su don kayan gyara ba su daɗe da cika shekara goma suna aiki ba.

TO, DON ME WASU SUKA RIƘE SHI?

Amsar tana cikin lissafin da kowane mai tirela ko mai motar haya ya sani. Abin hawa yana cin kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin da yake ci ko yana tafiya ko yana tsaye, watau biyan bashin sayensa, ko kuɗin hayarsa, da inshora. Akwai kuma wanda ba ya ci sai ya motsa, watau mai da gyara. Sabon jirgi yana da nauyi a na farko, da sauƙi a na biyu. Tsoho kuwa akasin haka ne.

Farashin da Boeing ya rubuta wa 787-9 a 2019 ya kusa dala miliyan 300, ko da yake manyan masu saye suna samun ragi mai yawa. Wanda ya ɗauki irin wannan nauyi dole jirginsa ya yi ta shawagi dare da rana, awa goma sha a kowace rana, wata goma sha biyu a shekara, kafin rarar man da yake samu ta biya bashin. Kamfanin da ke zirga-zirga kullum tsakanin Dubai da Landan zai iya. Amma a dubi mai jigilar alhazai, wanda babban cinikinsa na makwanni ne kafin Arfa da makwanni bayanta, sai ɗan abin da Umra ta kawo. In ya sayi sabo, jirgin zai kwanta mafi yawan shekara yana cin kuɗin banki. In kuwa ya sayi tsohon jambo da aka riga aka gama biyan kuɗinsa, to kwanciyarsa ba ta da tsada, man da zai sha kuma na ɗan lokaci ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai roka da ke jiran kakar goro ko ta albasa ba ya sayen sabuwa fil daga kamfani.

Na biyu, aikin hajji aiki ne na kwashe jama'a da yawa cikin ƙanƙanin lokaci. A 2023 Saudiyya ta ware wa Nijeriya kujeru 95,000. Idan jirgi yana ɗaukar mutum 500, sawu 190 ke nan a tafiya, da wani 190 a dawowa. Idan kuwa 250 yake ɗauka, sawun ya ninka, alhali iznin sauka a Jidda da Madina a ƙayyade yake, kowace ƙasa da rabonta. Haka abin yake a filayen da suka cika maƙil irin Heathrow na Landan, mai titin jirgi biyu kacal. Inda iznin sauka ya yi tsada, babban jirgi yana da daraja, domin sauka ɗaya ce ko mutum 200 aka kawo ko 450.

Na uku, ko da kuɗin a hannu, sabon jirgi ba a shago ake samunsa ba. Layi ake bi na shekaru. Kamfanin Lufthansa na Jamus ya ba da odar Boeing 777X tun 2013, aka yi alkawarin fara miƙa shi a 2020, amma har shekarar 2025 ta shigo ba a miƙa ko ɗaya ba. Saboda haka ya ci gaba da aiki da 747-400 guda takwas da ya so ya sallama, tare da sababbin 747-8 guda 19, har ma ya komo da A380 daga inda ya ajiye su a 2023. British Airways da Qatar Airways sun riga shi komo da nasu a ƙarshen 2021. Ban da jinkiri, sababbin injuna ma sun zo da nasu ciwon: injin Trent 1000 na Rolls-Royce ya zaunar da 787 da dama a ƙasa a wajajen 2018, tsofaffin jirage ne kuma suka toshe gurbin.

Na huɗu shi ne kaya. Hancin nan mai buɗewa ya sa jambo na dakon kaya yana haɗiye dogayen bututu da injunan masana'antu waɗanda ba za su shiga ta ƙofar gefe ba. A380 bai taɓa samun samfurin dakon kaya ba, shi ya sa tsufansa bai yi albarka irin ta jambo ba.

Na biyar ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Hayar jirgi da inshora da kayan gyara duk da dala ake biya, tikiti kuwa da naira ake sayar da shi. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ta ce kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala sun haura miliyan 800, kuma a watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Masu ba da hayar sababbin jirage sun daɗe suna ɗari-ɗari da Nijeriya, don tsoron wahalar karɓo jirginsu idan aka kasa biya, abin da ya sa a watan Satumba, 2024 aka fito da sabuwar ƙa'idar kotu don kwantar musu da hankali. Wanda ba a ba shi bashi da sauƙi, abin da kuɗin hannunsa za su iya saye shi yake saye. Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya fahimci wannan.

TSUFA DA HAƊARI

Yanzu sai babbar tambaya: shin tsohon jirgi ya fi sabo haɗari? A nan ne ya kamata a bar zato, a dubi abin da bincike ya nuna.

Masana ba da shekaru kaɗai suke auna tsufan jirgi ba. Suna ƙirga awannin da ya yi a sama, da kuma yawan tashi da saukarsa. Duk sa'ad da jirgi ya hau sama ana hura iska a cikinsa don mutane su iya numfashi, gangar jikinsa ta ɗan kumbura, in ya sauko ta koma. Wannan kumbura da saɓewa shi ke gajiyar da ƙarfe, kamar yadda waya take karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. Jirgin Aloha Airlines da rufinsa ya yaye a sama a watan Afrilu, 1988, shekararsa 19, amma ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000 saboda gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibiran Hawai. Jambo mai tafiyar awa shida ko goma a sawu ɗaya ba ya tara ko rabin wannan a duk rayuwarsa. Bugu da ƙari, bayan kowaɗansu shekaru akan kai jirgi rumfar gyara a kwance shi kusan gaba ɗaya, a cire kujeru da bango, a binciki ƙarfen ciki da na'ura, aikin da yakan ɗauki makwanni. Jirage biyu da aka keɓe wa shugaban Amurka tun 1990, waɗanda har 2025 suke bakin aiki, samfurin 747-200 ne. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an kula da mazubinta.

Haɗarin jambo mafi muni da ya shafi jirgi ɗaya ya auku a Japan ran 12 ga Agusta, 1985, inda mutum 520 suka rasu. Jirgin shekararsa 11 kawai. Bincike ya gano cewa a 1978 wutsiyarsa ta daki ƙasa wajen sauka, ma'aikatan Boeing suka gyara bangon baya mai riƙe iska ba bisa ƙa'ida ba, gyaran ya yi ta tsagewa a ɓoye har shekara bakwai. Irin wannan ya sake faruwa da jambon China Airlines a 2002, mutum 225 suka halaka saboda gyaran da aka yi wa wutsiya tun 1980.

Amma darasin da ya fi kusa da zuciyar mutanen Arewa shi ne na Jidda. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don kwaso alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi zai nufi Sakkwato. Tayoyinsa biyu suka fashe a kan titi, wuta ta kama, matuƙan ba su sani ba suka naɗe ƙafafun jirgin da wutar zuwa cikinsa. Kafin su komo su sauka, jirgin ya ƙone ya faɗi, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Jirgin tsoho ne, ƙirar 1968. Amma masu bincike sun gano cewa iskar tayoyin ba ta cika ba, an san da haka kafin tashi, aka ƙi tsayawa a ƙara don gudun jinkiri, har ma an taɓa alƙaluman da ke cikin takardun gyara. Sauri ya haifi nawa. Aikin da bai fi ɗan lokaci ba aka tsallake, aka yi asarar da ba ta da diyya.

A ɗaya gefen kuma, jirage biyu samfurin 737 MAX da suka faɗi, na Lion Air a Indunusiya a watan Oktoba, 2018, da na Ethiopian Airlines ran 10 ga Maris, 2019, sababbi ne fil, ko wata shida babu wanda ya cika. Mutum 346 suka rasu, cikinsu har da 'yan Nijeriya, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. Laifin yana cikin wata sabuwar na'ura da ke danna hancin jirgin ƙasa, wadda ba a sanar da matuƙa yadda ya kamata ba. Sai da aka dakatar da samfurin na kimanin wata 20.

Wannan ba wanke tsohon jirgi ba ne. Masu ƙorafi suna da hujjar da ba a isa a ture ta ba. Tsoho ya fi yawan neman gyara, kayan gyaransa suna ƙara wuya tun da an daina ƙera shi, kuma kamfanin da ya saye shi don ƙarancin kuɗi shi ne kuma zai fi jin zafin biyan makanikai. Mai jirgi biyu ko uku, in ɗaya ya lalace, ba shi da madadi, sai alhazai su kwana uku a sansani ko a filin Jidda, tsofaffi da mata a kan tabarma. A wannan lokaci ne shaiɗan yake raɗa wa manaja cewa a tashi haka nan, a gyara in an isa. Tsufa ba ya kashe mutane da kansa, amma yana rage wa mai sakaci damar tsira. Bayan faɗuwar jirgin EAS a unguwar Gwammaja ta Kano ran 4 ga Mayu, 2002, gwamnati ta kafa ƙa'idar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su. Niyyar mai kyau ce, sai dai ƙirga shekaru ya fi binciken takardun gyara sauƙi, kuma mai sauƙin ba shi ne mai ceton rai ba.

ABIN DA FASINJA YAKE SO

In aka tambayi matafiya, kowa da gwaninsa. Masu son jambo suna yabon faɗinsa da natsuwarsa a cikin iska, manya kuma suna son ɗakin saman nan da ya yi kama da jirgi na musamman. Masu son A380 suna yabon shirunsa da sararinsa, kuma Emirates ya ga ribar wannan soyayya, shi ya sa tun 2022 yake kashe maƙudan kuɗi wajen sabunta kujerun nasa maimakon ya ajiye su. Masu son Boeing 787, wanda ya fara aiki a 2011, da Airbus A350 na 2015, suna da hujja ta lafiyar jiki. A cikin tsohon jirgi iskar da ake shaƙa kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000 ce, watau ninki biyu na tudun Jos, kuma busasshiya ce kamar ta hunturu. Sababbin, da yake yawancin jikinsu ba na ƙarfe mai tsatsa ba ne, suna riƙe iska kamar ta ƙafa 6,000, da ɗan danshi. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon ƙirji, wannan bambanci ba abin wasa ba ne.

Amma akwai abin da yawancin matafiya ba su lura da shi ba. Boeing da Airbus gangar jiki suke sayarwa, kamfanin da ya saya shi ke yanke shawarar yawan kujerun da zai cusa. An tsara 777 da kujera tara a jere, yawancin kamfanoni suka mai da shi goma. An tallata 787 da takwas, kusan kowa ya sa tara, in ban da irin su Japan Airlines da ya bar takwas a dogayen tafiye-tafiyensa. Saboda haka mutum yana iya shiga sabon jirgi ƙal ya sauka da ciwon kafaɗa, wani kuma ya shiga mai shekara 25 da aka sabunta cikinsa ya yi barci har Jidda. Kamar motar haya ce: Fijo ɗaya ce, amma wani direba uku yake sawa a baya, wani huɗu.

Zancen inji huɗu ma ya zama tarihi. Virgin Atlantic ya taɓa rubuta kirarin inji huɗu a jikin jiragensa don jawo masu wannan tunani, amma zuwa 2020 shi kansa ya rabu da su duka. Jirgi mai inji biyu ba ya samun lasisi sai an tabbatar zai iya ci gaba da tashi ya kuma sauka da inji ɗaya.

Daga ƙarshe dai, a ranar yankan tikiti, abin da baki ya faɗa dabam, abin da aljihu ya zaɓa dabam. Ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Guwanzu ko Alƙahira, da hajiya mai saro atamfa da gwal, farashi suke fara dubawa, sai yawan kilo na kaya, sai lokacin isa. Kamfanoni sun san haka sarai, shi ya sa suke ƙara kujeru ba sa jin tsoro. Maniyyaci kuwa ba shi da ma zaɓin. Ya tara kuɗinsa shekara da shekaru a kara ko a Mil 12 ko a bakin canji, ya biya, wasu suka zaɓar masa jirgi. Wanda aka zaɓar wa kuwa, alhakinsa yana wuyan mai zaɓen.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a canza tambayar. Maimakon a ce shekarar jirgin nawa, a ce yaushe aka yi masa babban gyara na ƙarshe, a wace rumfa, wa ya sa hannu. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2006, da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, suna da waɗannan bayanai kafin su ba kowane kamfani izni. Babu abin da zai hana a buga su a jarida, a karanta a rediyo da Hausa da Yarabanci da sauran harsuna kafin a fara jigila. Wanda ya biya miliyoyin naira ya cancanci ya san wannan.

Na biyu, kowace kwangilar jigila ta ƙunshi sharaɗin jirgin ko-ta-kwana wanda aka gani da ido, aka kuma duba takardunsa. Idan akwai madadi, makanike zai iya cewa wannan jirgi ba zai tashi ba, ba tare da ya ji tsoron rasa aikinsa ba.

Na uku ya rataya a wuyan jama'a da kansu. Idan aka ce an jinkirta tashi don gyara, to kada a tayar da hayaniya har a tura ma'aikata ga yin ganganci. A nemi abinci da wurin kwana da cikakken bayani, wannan hakki ne. Amma kada a matsa a tashi da jirgin da masu shi suke shakka a kansa. Sarakunan Hausawa na zango-zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da rawar takawa wajen faɗakar da maniyyatansu tun daga gida.

Na huɗu, ba a fafe gora ranar tafiya. Jambon da ya rage a duniya kullum raguwa yake yi, matuƙansa suna ritaya, kayan gyaransa daga jikin 'yan'uwansa da aka ajiye a hamada ake ciro su. Magajinsa a wannan aiki shi ne tsohon 777 da Airbus A330, waɗanda manyan kamfanoni za su saki idan sababbin nasu sun iso. Ya kamata kamfanonin gida su fara horar da matuƙa da makanikai tun yanzu, hukuma kuma ta taimaka a sami rumfar babban gyara a cikin ƙasa, domin shekara da shekaru ana kai manyan jirage ƙetare ana zuba dalar da babu. Ƙasar da ta ga rushewar Nigeria Airways a 2003 ta san kuɗin rashin shiri.

Jambo ya yi wa Musulmin ƙasar nan hidima, ya kai dubban talakawa inda kakanninsu suka yi shekaru suna takawa a ƙasa ta Chadi da Sudan kafin su isa. Ranar hutunsa tana zuwa. Kafin ta zo, da bayan ta zo, abin da zai tsare rayuka shi ne makanike mai gaskiya, da sufeto wanda ba a saye, da fasinja mai tambaya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya.